Jita Marar Kai da Kafaɗar Kawu

Akwai wani ɗan farin salatif a kan jitar Kawu, can ƙarshe, sama da ƙusoshin da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya. Bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Duk wanda ya gan shi zai ɗauka katakon ne ya tsage aka liƙe. Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da na ga ya ɓare tsohon zai liƙa sabo. Katakon da ke ƙarƙashi lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ban tambaye shi ba. Ni ba mai yawan tambaya ba ce, shi ya sa ma yake kirana Shiru-shiru.

Kawu yayan Ummata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Jitar lantarki yake kaɗawa a wata 'yar ƙungiya da ke wasa a lambun otal ranakun Asabar da Lahadi da rana, lokacin da iyalai ke zuwa cin abinci. A otal ɗin nake aiki tun da na gama jami'a, a teburin karɓar baƙi. Tagar da ke bayana tana kallon dandamalin ne ta baya, don haka ba fuskokinsu nake gani ba kamar masu cin abinci. Abin da nake gani shi ne wayoyi a nannaɗe a ƙasa, robar ruwa a ɓoye bayan sifika, da gumin da ke jiƙa bayan riguna.

Su huɗu ne. Akwai Shugaba, mai waƙa, wanda kayan sautin duka nasa ne, kuma shi otal ya sani. Akwai mai fiyano, wanda tsakanin waƙa da waƙa kansa na kan waya. Sai Kawu a gefe kusa da babbar sifika, sai mai ganguna a can baya, wani dattijo gajere mai faɗin ƙirji da kowa ke kira Aradu. Shi da Kawu tare suka fara tun suna samari, lokacin da ake cika manyan zauruka don a saurare su. Yanzu ƙarar cokula da kukan yara sun fi su tashi, kuma manaja yakan aiko a ce su rage sauti, baƙi na hira.

Daga wannan taga na gane amfanin salatif. Aradu ba ya kallon gangunansa, ba ya kallon Shugaba. Idonsa na kan wannan ɗan farin abu da ke leƙowa ta bayan sifika. Shugaba yana da wata ɗabi'a: in ya ga wani teburi ya ji daɗin waƙa sai ya ja ta, in ya hango manaja ya taho sai ya datse ta a tsakiya, ba ya gaya wa kowa. Sauran a muryarsa suke ji su bi. Kawu kuwa sai ya ɗaga kan jita sama, Aradu ya tsaya cak. In ya sunkuyar da shi sau biyu, ganga ta yi sanyi. In ya karkata shi gefe, a sake komawa amshi. Na ɗauka salon tsofaffin makaɗa ne kawai, har ranar da wani ma'aikacinmu ya saki tire cike da farantai daidai bayan kujerar Aradu. Mai gadi ma da ke bakin ƙofa sai da ya zabura. Aradu ko ƙiftawa bai yi ba, yana ta goge sandunansa da gefen riga.

Kunnuwansa sun tafi, ko sun kusa. In ana hira yakan kalli bakin mutum, ya yi dariya idan ya ga ana dariya, ya ce "To, to, haka ne." Kawu ya sani, ni ma yanzu na sani, shi ke nan. Shugaba kuwa ya sha faɗa a gabansu, cikin wasan da ya fi kama da gaske, cewa akwai ganguna a cikin fiyanon nan, ba sa makara, ba sa cin abinci, ba sa neman kuɗin mota. Ranar da ya gane, Aradu ya tashi daga kujerar nan ke nan.

Sai dai kafaɗar Kawu ita ma ta gaji.

Jitarsa tsohuwa ce, ƙirar da, katako mai nauyi kamar murfin ƙofa. Kan nata ma ya fi na kowa girma, kullum yana jan wuyan ƙasa, kafaɗar hagu tana ja sama. Sama da shekara talatin suna wannan ja-in-ja. Maratayin ya bar masa baƙin layi a fata, kafaɗar kuma ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta, har tela ya san yadda yake yanka masa riga. A ɗakinsa da ke bayan gidanmu, inda ya dawo bayan rasuwar matarsa, babu wani abu mai yawa: gado, kujera ɗaya, 'yar sifikar gwaji, da wata ƙugiya mai baki biyu da mai walda ya yi masa a bango. A nan yake rataye jitar ta kai. A da, da hannu ɗaya yake ɗaga ta. Daga baya ya koma biyu. Daga baya sai na ga ya ajiye wani ɗan akwati a ƙarƙashin ƙugiyar yana takawa, don kada hannun ya yi sama da yawa.

In zai ci abinci, da hannun dama yake ɗauko na hagu ya ɗora a kan teburi. Shanya ma ta gagare shi. Yakan wanke rigunansa da kansa, don ba ya son a taɓa masa, sai ya bar su a bokiti kusa da igiya kamar ya manta. Umma ta shanya, ta kwashe.

Ni na raka shi asibiti. Likitan ya daɗe yana duban hoton ƙashin, sannan ya ce abu biyu ne: ko ya rage nauyin da yake ratayawa, ko ya bari gaba ɗaya. In ya ci gaba a haka, hannun ne zai yanke masa hukunci.

Da muka dawo Umma tana tsakar gida tana jira.

"Yaya, me likita ya ce?"

"Ya ce tsufa."

"Tsufa kawai?"

"To me kike so ya ce, Auta? Ƙuruciya?"

Ta juyo ta kalle ni. Ban iya ƙarya ba, ban kuma iya dogon bayani ba, sai na maimaita abin da likita ya faɗa ina kallon ƙasa.

"Ka ji ko?" in ji Umma. "Katakon nan sai ya kai ka ƙasa za ka yarda. Ka zauna mana ka kaɗa, kamar sauran dattijai."

"Ba a kaɗa jita a zaune."

Ana kaɗawa. Na sha ganinsa yana yi a ɗaki. Amma in ya zauna a dandamali, kan jitar zai nutse bayan sifika.

Mai fiyano ne ya kawo maganar jita marar kai. Ya nuna wa Kawu hotonta a waya, ya ce akwai guda a shagon da suke sayen tsirkiya. Kawu ya ce ya gani, ya gode. Kuskuren da mai fiyano ya yi, ko alherin da ya yi, shi ne ya nuna mini ni ma, ni kuma na nuna wa Umma. Daga ranar Kawu bai ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba, har ya gaji ya ce in shirya mu je.

Shagon dogo ne, matsattse, jitoci a rataye ta kai daga bakin ƙofa har ƙurya. Ita kaɗai ce a jingine a ƙasa, baƙa, ƙarama, wuyanta ya tafi ya tsaya haka nan ba komai a ƙarshensa. Mai shagon, wani mai tumbi da tabarau a rataye a wuya, ya daɗe da sanin Kawu.

"Tsohon hannu, ɗauka ka ji."

Kawu ya sa ƙarfin da ya saba sa wa tasa, sai hannun ya yi sama fiye da yadda ya nufa. Ya tsaya yana jujjuya ta.

"Wannan ai ba a gama ƙera ta ba."

"An gama sarai. Kan nan da kake nema, shi ne ke jan wuya ƙasa yana cin kafaɗarka. An cire shi, an mayar da ƙusoshin saiti nan gindi. Rataya, ka sake hannu ka gani."

Ya rataya, ya sake hannu. Jitar ta tsaya daidai inda ya bar ta, ba ta sunkuya ba.

"Ka gani? Saitinta kuma ba ya gudu da wuri. Babu ƙusa a waje da wani zai buga da gwiwar hannu yana wucewa. Ga jakarta can. A cinya za ka ɗora ta a mota, kwandasta ba zai ce ka tare wurin mutum biyu ba."

"Tsirkiya fa?" in ji Kawu. "In ta tsinke ranar Asabar, wa ke da irinta?"

Mai shago ya sosa ƙeya. "To, gaskiya wannan tata daban ce, mai ƙulli a baki biyu. Sai an yi oda. Amma ka sayi da yawa ka ajiye."

"Ka ji ɗaya. In ƙarfen gindin nan ya lalace, mai gyaranmu ya taɓa buɗe irinta?"

"Zai koya."

"A kan tawa zai koya. A ina zan rataye ta?"

"Sai dai ka jingine."

"Jita a jikin bango kamar tsintsiya."

"Tsintsiya ba ta kai mutum asibiti, tsohon hannu."

Ya jona masa ita da sifika. Kawu ya fara kaɗawa da fuska a murtuke. Da ya zo sauka zuwa ƙarshen wuya da sauri, hannun ya zarce ya fita fili, don babu kan da zai tare shi. Mai shago ya yi dariya har tabarau na rawa a kan tumbinsa. Kawu ya ja tsaki, ya sake. A karo na biyu bai zarce ba. Ya ci gaba, ya shiga wata tsohuwar waƙarsu mai sanyi, fuskar ta saki kaɗan-kaɗan. Ya daɗe a tsaye. Ko sau ɗaya bai kai hannu ya gyara maratayi ba, abin da a dandamali yake yi bayan kowane baiti.

Da ya gama sai ya buɗe tafinsa a ƙarshen wuyan, ya auna taƙi ɗaya a cikin iska, ya daɗe yana kallon wurin. Mai shago ya ɗauka mamaki yake yi. Ni na san abin da yake aunawa.

Da aka faɗi kuɗinta Kawu ya yi dariya har da tari. Mai shago bai ji haushi ba. Ya ce ya tafi da ita ya yi wasan ƙarshen mako, in ta yi masa a yi magana, in ba ta yi ba ya dawo da ita.

A gida Umma ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta yi salati.

"Wannan ko jariri ya fi ta nauyi. Yaya, ka ce tsada, na kira yaranka sun ce za su haɗa maka. Ka ce tsirkiya, an ce za a kawo. Saura me?"

"Ba ta da kyan gani."

"Kai kana da kyan gani, kafaɗa ɗaya a ƙasa kamar rumfar da iska ta kwantar?"

"Mutane za su ce faɗuwa ta yi ta karye."

"Su ce mana. Su ne za su gasa maka ƙashi?"

Ya shiga ɗaki da jitar. Da na kai masa shayi na tarar ya yanko salatif yana liƙawa a ɗan guntun ƙarfen da ke ƙarshen wuyan.

Ranar Asabar lambun ya cika. Tun kafin a fara wata yarinya ta je gaban dandamali ta tambayi Kawu wa ya karya masa jita, ya ce mata ƙanwarsa ce. Wajen saiti hannunsa ya riƙa tafiya hagu yana laluben iska, sai ya tuna ya dawo gindi. Amma da suka fara, ban taɓa ganinsa a miƙe haka ba. Bayansa ya yi tsaye, rigar ta zauna. Rana ta bugi dandamalin, saitin bai motsa ba.

Daga taga kuwa ina ganin abin da Aradu yake gani, wato babu komai. Wuyan ya yi gajarta, sifika ta rufe shi, ɗan abin da ya rage hannun Kawu ya rufe. Aradu ya riƙa leƙe hagu da dama. Waƙa ta farko da ta biyu Allah ya taimaka, Shugaba ya kai su ƙarshe yadda aka saba. Kawu yana ta juyar da jikinsa gaba ɗaya kamar mai neman wani a cikin jama'a, har Shugaba ya harare shi.

A ta uku manaja ya taho da wani baƙo da ke son ya yi wa iyalinsa godiya a makirufo. Shugaba ya datse waƙar a tsakiyar baiti. Fiyano ta tsaya. Kawu ya ɗaga wuyan jita sama iya ƙarfinsa, amma bai wuce sifika ba. Aradu ya ci gaba shi kaɗai, da ƙarfi, yana kallon wurin da farin abu ya saba fitowa. Baƙon yana riƙe da makirufo baki a buɗe. Wasu suka fara dariya, yara suka fara tafi. Sai da Kawu ya taka ya fito fili ya ɗaga hannu, sannan ganga ta mutu, farantin ƙarfen da ke gefen ganguna na ta kuka shi kaɗai. Aradu ya kalli fuskokin mutane, ya yi irin dariyar nan tasa.

Bayan wasa suna haɗa kaya a ɗakin ajiya da ke kusa da kicin, ni kuma an aike ni in karɓo makullin wurin. Muryar Shugaba na ji tun daga nesa.

"A gaban manaja! A gaban baƙo! Barci kake yi, Aradu?"

"To, to," in ji Aradu, yana naɗe tabarmar ganguna, bayansa a juye.

"Laifina ne," in ji Kawu. "Sabuwar jitar ce ta ruɗa ni."

"Jita ce ta ci gaba da kiɗa ko ganga?"

"Na ce laifina ne. Gobe da tsohuwar zan zo."

Da tsohuwar ya zo. Wasan Lahadi ya tafi sumul, ko tuntuɓe babu. Da yamma da ya dawo gida ya kasa cire riga. Umma ce ta zare masa ita a hankali, hannu ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa tana hawaye.

"Ga mai sauƙi a ajiye ka ɗauki mai kisa. Wannan taurin kai a ina ka gado shi? Baba ba haka yake ba."

Ta fita ɗora ruwan zafi. Na tsaya riƙe da tawul. Yana zaune bakin gado, hannun hagu a kan cinya kamar ba nasa ba. Na daɗe ina juya maganar a baki kafin ta fito.

"Kawu, na san aikin salatif ɗin."

Bai ɗago da sauri ba. Ya kalli ƙugiyar bango, sannan ya kalle ni.

"Shiru-shiru, idonki ya fi bakinki aiki." Ya numfasa. "Mutumin nan ba shi da komai sai sandunan nan. Ranar da aka binne matata shi ya riƙe ni a maƙabarta. In ce masa me? Na samu jita mai sauƙi, ka tafi gida?"

"Amma hannun..."

"Hannun nawa ne. Kada Auta ta ji. Gobe zan mayar wa mai shago kayansa."

Ban gaya wa Umma ba. Ba a ma buƙaci in gaya mata ba.

Washegari da safe, ranar hutuna, muna tsakar gida sai muka ji sallama kamar ana kiran wani a ƙetaren titi. Aradu ne, da riga mai guga, ba sanduna a aljihu. Ya gaisa da Umma ya wuce ɗakin Kawu. Mutumin da ba ya jin kansa ba ya iya raɗa, wanda kuma zai amsa masa dole ya ɗaga murya. Duk abin da suka faɗa a kunnenmu.

"Siriri! Ina amaryar?" Haka yake kiran Kawu tun suna samari.

"Ga ta can a jaka. Yau zan mayar da ita."

"Me?"

"Na ce mayar da ita zan yi!"

"Ba ka da hankali. Daga gidan Shugaba nake. Na gaya masa."

"Ka gaya masa me?"

"Abin da kai da salatif ɗinka kuka sani."

Umma ta ajiye wuƙar da ke hannunta. Sai muryar Kawu ta tashi yadda ban taɓa ji ba.

"Wa ya aike ka? Wa ya tambaye ka? Da mun matsar da sifika! Da na koma tsayawa ɗaya gefen! Da na ɗaura ƙyalle a sanda!"

"Ka ɗaura tuta ma. Siriri, zauna. Da can ina jin ka kaɗan-kaɗan, ta ƙasa, ta ƙafar kujera. Yanzu fata kawai nake duka, ban san me ke fita ba. Jiya ba salatif na kalla ba, bayanka na kalla. Duk ɗagawa ɗaya sai wuyanka ya ƙame. Na ga yadda kake ɗaukar hannu da hannu kamar kayan aro. Ka zaci makaho ne ni kuma?"

"Ni na kawo maka ƙara?"

"Ba ka kawo ba, shi ya sa na kai kaina. Ka ɗauki katako, ka ɗauke ni, a kafaɗa ɗaya. Jaki ne kai?"

"Kai ne jaki."

"Me?"

"Na ce kai ne jaki!"

"To, wannan na ji."

Umma ta tashi ta tsaya a bakin ƙofar, ni ina bayanta. Kawu yana zaune a gado ya juya fuska ga bango. Aradu yana kan kujera, ƙafafunsa da ƙyar suke taɓa ƙasa.

"Shugaba ya ce me?" in ji Kawu, bai juyo ba. Aradu bai ga bakinsa ba, don haka bai amsa ba, sai da Umma ta taɓa shi ta maimaita.

"Ya ce ya daɗe yana zargi. Ya rungume ni, har da ƙwalla. Amma ta saman kafaɗata fiyano yake kallo." Ya yi dariya, wannan karon ta gaske. "Kada ku yi mini zaman makoki. Mijin 'yata yana da injin niƙa, duk wanda ya ɗauka aiki sai ya gudu saboda ƙara. Ni kuwa," ya ƙwanƙwasa kunnensa, "an riga an ba ni horo."

"Yaya," in ji Umma a hankali, "ashe..."

"Auta, kawo wa baƙo shayi."

Suka sha shayin. Da Aradu zai tafi ya buɗe jakar ya ɗaga baƙar jitar da yatsu, ya girgiza kai.

"Mummuna ce kam," ya ce. "Kun dace."

Kawu bai mayar da ita ranar ba. Bai kuma yi wa kowa magana ba na wasu kwanaki, har Umma ta daina aika ni da tambaya. Daga baya ya shirya shi kaɗai ya tafi shagon ya biya kuɗinta, ya dawo gida da jakar a hannu da ƙunshin tsirkiyoyin da suka zo tare da ita.

Abin da mai shago ya faɗa duk gaskiya ne, abin da Kawu ya faɗa ma gaskiya ne. Kafaɗar ba ta warke ba, amma ta daina ƙaruwa, kuma likitan gashin ƙashi ya ce yanzu aikinsa yana kamawa. A mota a cinya yake ɗora ta. Tsirkiyar da aka yi oda ta daɗe ba ta zo ba, har ya koma kaɗawa a hankali kamar mai tafiya da ƙwai, yana tsoron ta ƙarshe ta tsinke. Har yau akwai mai tambaya ko faɗuwa ta yi. Tsohuwar tana rataye a ƙugiyarta da salatif ɗinta, sabuwar tana jingine a ƙurya kusa da takalma, kamar yadda ya faɗa.

A dandamali, inda ganguna suke a da, otal ya ajiye tukunyar fure. Gangunan fiyano ba sa kuskure. Mai fiyano ya danna, su tsaya. Masu cin abinci ba su lura an canza komai ba, sai wata tsohuwa da ta tambaye ni ina gajeren nan mai dariya. Daga taga ina ganin Kawu, duk lokacin da Shugaba ya datse waƙa, yana ɗaga guntun wuyan nan sama. Ban sani ba ko ya san yana yi. In an tashi ba ya tsayawa hira, ya zuge jaka ya kama hanya.

Litinin ɗin da ta wuce ya fita tun da safe bai ce inda za shi ba. Ya dawo bayan azahar, hularsa da girarsa fari fat da ƙurar gari, muryarsa a dishe.

"Yaya, wa ka yi wa ihu haka?" in ji Umma.

"Wancan jakin. Inji na ƙara, shi ba ya ji, ni ba na ji, wai hira muke."

"Yana lafiya?"

"Ya yi ƙiba."

Ya zauna a kan benci ya daɗe yana kallon ƙasa, bai ko karkaɗe hular ba. Hadari ya fara haɗuwa, iska ta taso tana kaɗa shanya. Umma tana kicin hannunta cikin ruwa, ta ƙwala mini kira in kwashe kaya. Kafin in sa takalmi Kawu ya tashi. Ya je gindin igiya, ya miƙa hannun hagu a hankali yana cije leɓe, ya sauke rigunansa ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da zannuwan Umma, ya kai mata bakin ƙofa.